Rantsuwar Mufaddal a Kan Zomo

Mijin ƙanwata Mufaddal ya yi wata huɗu a Sifaniya yana tsinkar zaitun a gonar wani Bature. Ya dawo mana da takalmin roba, da agogon da ba ya tafiya, da ilimin duk abin da Allah ya halitta. In jakinka ya yi ɗingishi, Mufaddal ya san yadda ake yi a Sifaniya. In gurasar matarka ta ƙone, a Sifaniya ba haka ake hura wuta ba. Shekara tara ke nan da dawowarsa, amma watannin nan huɗu sun ƙi ƙarewa. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba, ba sai na ɓoye ba. Ƙanwar tawa Mannana ce ta ce shi take so, wai yana ba ta dariya, kuma marigayi babanmu mutum ne mai saurin gajiya da gardama.

Shekarar nan zomaye suka addabi ƙauyenmu. Gari guda suka kafa a ƙarƙashin shingen ƙayar hindiya da ke bayan maƙabarta, suna saukowa suna aske gonakin wake kamar an ba su gado. Jama'a ta zauna bayan sallar Juma'a, aka tsayar da magana: nan da kwana arba'in, in an gama yankan alkama, kowa ya fito da karensa da nimis ɗinsa a gama da su.

Kowa a duwatsun nan ya san aikin nimis. Ɗan dabba ne dogo siriri mai kama da tunku, ga wari. Ka ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya ka zura shi rami, ya koro zomaye su faɗa ragar da ka shimfiɗa a bakin sauran ramukan. Wanda ya kuɓuce wa raga rabon kare ne. Amma babban aikin kare shi ne ya nuna maka ramin da ke da zomo, ya rufe bakinsa, ya bi ƙarar ƙararrawa ta saman ƙasa, kuma ko da wasa kada ya taɓa nimis. Karyata Kahla ta ƙware a wannan. 'Yar baƙa ce ƙarama, kunne ɗaya a yage, haƙarƙari a waje ko ta ci rago guda.

A gidan shayi Mufaddal ya same ni ran nan da la'asar, Kahla na kwance a ƙarƙashin kujerata. Ya leƙa ta, ya tambaye ni ko kare ne wannan ko tsumman goge fitila. Na ce masa tsumman nan ya ciyar da gidana nama shekara shida, har da wasu baƙi masu zuwa daidai lokacin sauke tukunya. Aka yi dariya, domin kowa ya san baƙon.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mufaddal ya ce mu ba farauta muke yi ba, bara muke yi a ƙofar zomo. A Sifaniya ya ga kare ɗaya ya kama zomo saba'in kafin azahar, har da wanda ya kamo masa a sama. Ya ce shi a kallo ɗaya yake gane karen kirki, kwana arba'in ma sun yi masa yawa. Mai shayi ya ce ai baki shi ke yanka wuya, ya sassauta. Sai ya miƙe tsaye ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ku shaida. Ranar farauta in karena bai fi Kahla kama zomo ba, Mannana ta saku, saki uku."

Na ce, "Kai Mufaddal, ƙanwata ce fa ka ajiye a tebur kamar kati."

"Yaya Layashi, wanda ya san zai ci ai ba caca ya yi ba."

Da ba a riƙe ni ba, da butar shayi ta ƙare a kansa.

Ranar Laraba ya tafi kasuwa neman kare, ni da Baba Hammu muna biye da shi don mu ga ƙarshen ƙarya. Baba Hammu shi ne tsohon da ya koya wa rabin ƙauyen aikin nimis. Ya nuna wa Mufaddal wani siririn kare ja da ke zaune shiru yana kallon ramin ɓera a gindin bango, kai a karkace. Ya ce ga karen rami nan. Mufaddal ya ce kare mai kunya ba ya kama komai, shi namiji yake nema. Ya zarce can ƙarshen kasuwa inda wani makiyayi daga saman dutse ya ɗaure wani gabjejen kare mai gashi buzu-buzu, wanda haushinsa ya sa alfadarai tsinke igiya.

Makiyayin bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, wannan na shaida. Ya ce karen shekararsa ɗaya, cikin garke aka haife shi, kuma duk abin da aka haɗa shi kwana da shi, ko dila ko ɓarawo ba mai taɓa shi. Mufaddal ya juyo ya kalle mu.

"Kun ji ko? Abin da ya shiga hannunsa ba ya fita."

Baba Hammu ya ce masa, "Ɗana, wannan karen gadi ne."

"Baba, a Sifaniya da irinsu ake farawa."

Ya raɗa masa suna Baraƙ, wato walƙiya, wai saboda saurinsa, ya jawo shi gida. Ko in ce karen ya jawo shi, domin tun daga kasuwa har rafi ƙafar Mufaddal ba ta zauna a ƙasa sosai ba.

Saura nimis. Ya ɗauki zakaran Mannana ba da saninta ba ya kai wa Baba Hammu, ya karɓo ɗaya. Tsohon ya yi masa nasiha biyu saboda Allah. Ta farko, kare da nimis su riƙa ci a akushi ɗaya har su saba, kada ranar aiki kare ya ɗauke shi nama. Ta biyu, nimis ba ya aiki da cikakken ciki. Mufaddal ya karɓi ta farko ya ninka ta, ya watsar da ta biyu tun kafin ya fita zaure. Ya ce idan sabo ne magani, to karen ya saba da abokin aiki ya kuma san abokin gaba. Mannana na da zomayen gida goma sha biyu a wani ɗan keji a bayan ɗaki, da su take samun na sabulu da na mai. Nan ya ɗaure Baraƙ, nan yake ba shi abinci, nan yake kwana, wai don ƙamshin zomo ya shiga jininsa.

Shi kuma nimis, a kokuwar jallabiyarsa, wato hular nan da ke rataye a bayan wuyan riga, yake yawo da shi, don ya san warin ubangidansa. Har masallaci. Juma'ar farko muna cikin raka'a ta biyu, aka yi sujada, kokuwa ta kifo gaba, sai muka ji ƙararrawa na bin sahu. Ba wanda ya ɗago, amma kowa ya matse ƙafafunsa. Dabbar ta wuce mutum bakwai ta zaɓi wandon ladan, mai faɗin ƙafa. Ladan mutum ne mai murya, a ranar kuwa ya yi kabbarar da aka ji a ƙauyen gaba, ba a wurinta ba. Liman Si Tuhami ya sallame cikin gaggawa, ya ce daga yau duk mai shigowa masallaci ya sauke kokuwarsa a ƙofa a gani. Mufaddal ya bi mutane yana cewa su dai duba yadda dabbar ta gane rami cikin duhu ba wanda ya nuna mata.

Daga nan ya bar shi a gida, ya shiga ɗura masa ɗanyen ƙwai da miyar wake ta bisara da man zaitun, wai ƙarfi yake tara masa. Cikin mako uku nimis ya koma kamar matashin kai. In ya yi taku biyar sai ya kwanta, ƙararrawar ma ta nutse cikin wuya ta daina ƙara.

Baraƙ kuwa ya kama aiki gadan-gadan, sai dai ba wanda aka saye shi dominsa ba. Ran da ƙanwar babanmu ta zo daga Wazzan, Mannana ta nufi keji za ta kamo zomo ɗaya ta yi mata farfesun tajin. Karen ya tare ƙofa ya nuna mata haƙora. Ta kira maigidan. Ya zo yana taƙama, ya miƙa hannu, ya dawo da rabin hannun riga. Baƙuwa ta ci wake. Mufaddal ya bayyana wa maƙwabta ta kan katanga cewa karen yana tsare ganimarsa ne, alama ce ta zuciya.

A bakin rijiya Mannana ta ji zancen rantsuwar, don mata ba su iya riƙe irin wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ta zo gidana da tulunta a baya, ba ta ko sauke shi ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne ya ce uku. Na ce gaskiya ne. Ta juya ta kalli Kahla.

Tausayinta ya kama ni, na ji kunyar kaina da ban gaya mata da bakina ba. Na ce mata abin mai sauƙi ne: ranar farauta zan ɗaure wa Kahla tsumma a ƙafa in ce ƙaya ta soke ta, in bar ta a gida. In ba Kahla ba gasa, in ba gasa ba saki. A yi mini dariya kwana biyu a gidan shayi, ba komai ba ne.

Ta ce, "Yaya, in ka bar karyar nan a gida, ban yafe maka ba."

"Aurenki ne fa, Mannana. Shekara goma sha ɗaya."

"Na sani. So nake in ga nawa aka yi mini kuɗi."

Ta gyara tulunta ta tafi. Na daɗe ban ji tsoron mace kamar ran nan ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hantsi duk ƙauyen ya hallara bayan maƙabarta. Mata sun jeru a kan gangare da malafunansu masu tuntu, Mannana na tsakiyarsu ta naɗe hannu. Aka naɗa Si Tuhami mai ƙirga, ladan na taya shi daga nesa, ya ɗaure bakin wandonsa da igiya. Mufaddal ya iso a ƙarshe cikin takalmin robar Sifaniya, Baraƙ na jan sa, nimis na cikin kwando domin kokuwa ta daina ɗaukarsa. Ya ɗaga wa mata hannu, ya ce wa mai shayi ya tanadi gawayi da yawa.

Na saki Kahla. Ta bi gindin shinge tana shinshina, ta wuce rami huɗu, ta tsaya cak a na biyar ta ɗaga ƙafa ɗaya. Muka shimfiɗa raga, na zura nawa nimis. Ƙararrawa ta yi ƙasa, Kahla na bin ta a hankali ta sama. Ba a jima ba zomo ya faɗa raga, na biyu ya biyo shi. Na uku ya tsallake, Kahla ta ɗauke shi kafin ya kai kabarin farko. Si Tuhami ya ce uku.

Mufaddal ya ce wannan ɗumama jini ne, yanzu za a ga aiki. Ya zaɓi rami da kansa, wanda ya fi kowanne faɗi, ko da yake saƙar gizo-gizo ce a bakinsa. Baba Hammu ya ce masa ba kowa a gidan nan tun bara. Ya ce a Sifaniya manyan zomaye da gangan suke barin yana a ƙofa. Ya ɗauko nimis ya tura. Kai ya shiga, ƙirji ya shiga, ciki ya ce bai san zancen ba. Dabbar ta maƙale, ƙafafun baya na lilo a waje. Ya ja, ta ƙi fitowa. Ya tura, ta ƙi shiga. Wata tsohuwa daga kan gangare ta ce a shafa mata man zaitun, ai da shi ta kumbura. Ya sa tafin takalmi ya danna, nimis ya shige da wata 'yar ƙara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ana cikin haka nawa nimis ya koro wani ƙaton zomo ta ramin da ba mu rufe ba. Kahla ta bi shi. Mufaddal ya saki igiya ya yi ihu, "Baraƙ, nuna musu!"

Ya kuwa nuna mana. Ya tashi kamar an harba shi, ya wuce zomon ko kallo bai yi masa ba, ya bangaje Kahla ta yi alkafura cikin ƙaya. Sannan ya kewayo a hankali, ya sa hanci ya tura zomon nan har bakin raminsa, ya jira ya shige. Ya hau kan tudun ramukan ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafa, ya yi gurnanin da kowa ya fahimta. Kusan kwana arba'in yana kwana da zomaye, yau ga shi an kawo shi garke mafi girma da ya taɓa gani, ga kuma ɓarayi sun fi hamsin.

Duk wanda ya matsa kusa da raga, Baraƙ ya taso masa. Karnuka shida ya kora har rafi. Ya ƙwace zomon da ke hannun ladan, wanda ba a riga an yanka ba, ya ajiye shi a ƙofar rami yana lasar kunnensa. Mai shayi, duk da shekarunsa sittin, ya hau itacen zaitun. Baba Hammu ya zauna a kan wani kabari yana dariya har hawaye, yana neman gafarar mai kabarin.

Mufaddal bai karaya ba, wannan kam a ba shi. Ya ce karen yana tara su ne wuri ɗaya don a kwashe gaba ɗaya, dabara ce ta can. Abin da ya rage kawai a fito da nimis ɗinsa. Ya karɓi fartanya ya rarrafa ta bayan shinge inda karen ba ya gani, ya fara tono. Ya tona har kafaɗa, ya zura kai, ya zura hannu. Muka ji muryarsa daga cikin ƙasa yana cewa ya taɓo gashi, ya kama babba. Abin da ya kama nimis ɗinsa ne, yana barci, kuma bai ji daɗin tashin ba. Ya cafke masa babban yatsa. Mufaddal ya zabura baya, kokuwa ta sarƙe cikin ƙayar hindiya, ya rage daga kai sai kafaɗa a rami, sauran jiki a sama yana shure-shure.

Baraƙ ya ji motsi ya zagayo. Abin da ya gani shi ne ɓarawo ya zura kai cikin garke. Bai tsaya tambayar waye ba, ya kama gindin wando ya ja da baya. Wandon ya bi kare, Mufaddal ya tsaya a shinge. Mata suka sauke malafuna kan fuska, amma na ga idanu da yawa ta tsakanin saƙar.

Sai da Mannana ta sauko ta kira karen da irin kiran da take wa zomayenta in za ta ba su ganye, sannan ya saki. Ta cire mayafin kugunta ta jefa wa mijinta ba ta dube shi ba. Muka zare shi daga ƙaya, da nimis a yatsa.

Si Tuhami ya yi gyaran murya ya ce Kahla uku, Baraƙ babu, har ma ya mayar da biyu. Dariya ta mutu, don kowa ya tuna abin da ke kan tebur. Mufaddal ya tsaya ɗaure da mayafin mace, fuskarsa duk ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yanzu shi ke nan?"

Liman ya ja gemu ya bar shi ya ɗan dahu. Sannan ya ce alƙalan ƙasar nan sun daɗe da daina ƙirga sakin rantsuwa, na gidan shayi balle. Aure na nan. Ya je ya ciyar da miskinai goma, ya kuma riƙe bakinsa.

Da ya yi shiru a nan, da ya kwana a gidansa da matarsa. Na ga Mannana ta sauke numfashi, na rantse na gani. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Jini ya dawo masa fuska, ya gyara ɗaurin mayafi, ya juya ga jama'a yana murmushi.

"To kun gani? Ni dama na san ba ta faɗuwa. Kuna tsammani zan yi magana ban san doka ba? Tun a Sifaniya..."

Mannana ta katse shi, ba ta ko ɗaga murya ba. "Tsaya, Mufaddal. Ka san ba ta faɗuwa?"

"Tun farko."

"To ƙarya ka yi wa mazan garin nan, ka ara sunana ka yi ta. In kuma ba ka sani ba, ka sa ni a caca a kan zomo. Zaɓi ɗaya in ji."

Ya dubi liman, liman ya dubi zaitun. Ta ce alƙali bai ƙirga ba, amma ita ta ƙirga, kuma ta iya lissafi har uku.

Kafin la'asar Mannana ta iso gidana da akwatinta a kan alfadari, da kejin zomayenta. Baraƙ na biye, domin inda garke ya tafi nan makiyayi yake.

Yau wata biyu ke nan. Kullum bayan la'asar Mufaddal na zuwa biko, yana tsayawa a bayan shingena, don karen ba ya barinsa ya matso ko taku ɗaya. Da farko da bayani yake zuwa, yadda iska ta juya ran nan, yadda aka yi wa karen asiri. Ba ta ko fito ba. Sannan ya koma kawo sukari da na'ana'a yana ratayewa a ƙaya. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa, har ni da ba na ƙaunarsa na fara jin wani abu.

Jiya tana tsugune tana ba zomaye ganye, ya zo ya tsaya a bayan shinge. Can ya yi magana da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba.

"Mannana, ban iya farauta ba. Ban san kare ba. A Sifaniya ma buhu kawai nake ɗauka."

Hannunta ya tsaya a kan ganyen. Ba ta juyo ba.

"Na ji," in ji ta. "A gidan shayi ka sake ni. Je ka faɗa a can."

Ya tsaya jim, ya juya ya kama hanyar gangare. Na leƙa ta kan katanga in ga ina zai nufa. A mararraba ya yi tsaye ya fi minti goma, sannan ya bi ta dama, ta gidan shayi, yana tafiya kamar mai ƙaya a takalmi.